Kafin mu yi wa mai gatari dariya

Akwai wani tsohon hoto da yakan ɓullo a intanet duk sanda aka tayar da zancen haramta giya a Amurka. Dattijuwa ce doguwa cikin baƙaƙen kaya har ƙasa, ɗan gatari a hannu ɗaya, Littafi Mai Tsarki a ɗayan. Sunanta Carry Nation. Masu saka hoton don raha suke sakawa, wai ga irin matan da suka hana ƙasa guda sakat, suka jawo mata 'yan daba da fasa-ƙwauri har shekara goma sha uku. Ni ma na dara ranar da na fara ganinsa.

Daga baya na san cewa mijinta na fari, wani likita mai suna Charles Gloyd, giya ce ta kashe shi a 1869, auren bai cika shekara biyu ba, ya bar ta da jaririya da tsohuwar uwarsa. Na kuma san cewa jihar Kansas, inda ta fara fashe-fashenta a 1900, ta riga ta haramta sayar da giya a kundin tsarin mulkinta tun 1880. Mashayun da take farfasawa ke nan a idon doka ma babu su, suna dai nan a buɗe, hukuma ta kau da kai. A garin Kiowa da duwatsu ta fara, ta nannaɗe su a takarda kamar wadda ta yo cefane. Gatarin daga baya ya zo. An kama ta wajen sau talatin, tana sayar da 'yan ƙananan gatura na ado tana biyan tara da kuɗin.

Amma abin da ya kashe min dariyar gaba ɗaya ba daga karatu ya zo ba. Ina ƙarama mun zauna a gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ce. Mijinta ma'aikaci ne, mutumin kirki idan yana cikin hayyacinsa, shi ke raba mana alewa ranar Juma'a. Ranar da aka yi albashi kuwa, tun la'asar za ka ga ta kasa zama, ta leƙa zaure ta dawo, ta sake leƙawa. In ya shigo kafin magariba, to a wannan watan akwai hatsi. In aka idar da isha'i babu shi, sai ta lallaɓo ɗakinmu da gwangwanin madarar da take tara cinikinta, ta tura ƙarƙashin gadon mahaifiyata, ta ce, "Yaya, ajiye min, kada ya gani." Washegari da kumburarren ido za ta fito bakin kasko, ta ce da ƙofa ta yi karo. Manyan gidan kuma kalmarsu ɗaya ce, ki yi haƙuri.

Kuɗin gwangwanin nan nata ne, a shari'a da al'ada duka. Da ta kai ƙara gaban alƙali, babu mai ce mata na miji ne. Matar aure a Amurka ta farkon ƙarni na 19 ko wannan ba ta da shi. Dokar da suka gada daga Ingila ta ɗauki mata da miji mutum ɗaya, mutumin kuwa shi ne mijin. Gadon da ta ci, da ladan wankau ko ɗinkin da ta yi, duk a hannunsa suke, yana iya shanye su a mashaya a dare ɗaya. In ta gudu, 'ya'ya nasa ne. Jihar New York sai a 1848 ta bar matar aure ta riƙe dukiyarta, ladan aikinta kuwa sai 1860. Ga shi a wajajen 1830 abin da Ba'amurke baligi ke sha a shekara ya kai galan bakwai na tsantsar barasa, kusan ninki uku na yau. Mashaya wurin maza ce zalla, kuma da yawa a nan ake canza wa lebura takardar albashinsa zuwa tsabar kuɗi. Wanda ya haɗa waɗannan wuri guda zai gane cewa macen da ta ce a rufe mashaya, abincin 'ya'yanta da lafiyar jikinta take nema, ta hanyar da aka bar mata kaɗai. Ba ta da ƙuri'a, ba ta da kujera a majalisa, amma an yarda mace ta yi kuka a kan tarbiyya.

Ko a cikin masu yaƙi da giyar ma ba a so jin muryarsu ba. A 1852, a wani taron ƙungiyar maza masu wannan yaƙi a Albany, wata malamar makaranta ta miƙe za ta yi magana, shugaban taro ya ce mata an gayyaci 'yan'uwa mata ne su saurara su koya. Ta tattara ta fice. Susan B. Anthony ke nan, wadda yau kowa ya sani da neman wa mata ƙuri'a. Ita da Elizabeth Cady Stanton suka kafa tasu ƙungiyar a shekarar, Stanton kuma ta fito ƙarara ta ce mace ta samu damar rabuwa da miji mashayi, maganar da ta girgiza malaman coci har ta rasa shugabancin ƙungiyar shekara guda bayan nan. Sun tara sa hannun mutum 28,000 sun kai majalisar jiha, aka yi watsi da shi, wai yawanci mata ne da yara. Daga nan Anthony ta gane inda gizo ke saƙa.

Ranar da na fi so a duk tarihin nan ita ce 24 ga Disamba 1873, a wani ƙaramin gari mai suna Hillsboro a jihar Ohio. A daren da ya gabaci ranar wani mai lacca, Dio Lewis, ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa ta taɓa tara mata suka je yin addu'a wurin mai sayar wa mahaifinsa giya. Da safe mata wajen saba'in suka hallara a coci. Ba 'yan tada zaune tsaye ba ne, matan manyan gari ne, jagorarsu Eliza Thompson matar alƙali ce, 'yar tsohon gwamna. Suka jero bibbiyu cikin sanyin hunturu suna rera waƙar yabo, suka shiga shagunan magani da otal-otal da mashayu, wuraren da macen kirki ba ta taka ƙafa, suna roƙon masu su su sa hannu cewa sun daina. Inda aka rufe musu ƙofa sai su durƙusa a bakin titi su ci gaba da addu'a. Ka ƙiyasta mai mashaya yana leƙowa ta taga, ya ga matar alƙali gwiwa a ƙasa tana ambaton sunansa a gaban Allah, abokan cinikinsa kuma sun kasa ratsa su su shigo don kunya. Cikin 'yan watanni abin ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa. A wasu wuraren an watsa musu ruwa, a wasu an kama su. Mashayu da yawa sun rufe, sai dai yawancinsu sun sake buɗewa da ƙurar ta lafa, kuma matan ba su yaudari kansu a kan haka ba. A Nuwamban 1874 suka taru a Cleveland suka kafa ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shan giya, wadda aka fi sani da WCTU.

A nan ne Frances Willard ta shigo, kuma a ganina ita ce ta fi kowa wayo a cikinsu. Ta karɓi shugabanci a 1879 ta riƙe har rasuwarta a 1898. Ta san matan coci na tsoron kalmar 'yanci, suna ganin ta fitsararru ce, sai ta sauya wa ƙuri'a suna, ta kira ta makamin kare gida. Uwar da ba za ta taɓa fita neman haƙƙin kanta ba, za ta fita neman abin da zai tsare ɗanta daga mashaya. Da wannan dabara ta shigar da dubban matan da ko a gaban mutum goma ba su taɓa magana ba cikin harkar jama'a, suka koyi jan taro, da riƙe asusu, da rubuta ƙorafi, da tsare ɗan majalisa a ofishinsa. Takenta shi ne a yi komai, kuma da gaske take. Zuwa 1896 ƙungiyar na da sassa 39, kuma 25 daga ciki ba giya suke bi ba: makarantun ƙananan yara, gyaran gidajen yari, sanya mata masu gadi a ofisoshin 'yan sanda domin matan da aka tsare, rage awannin aiki a masana'antu. A shekarun 1880, yawancin jihohin Amurka sun ɗauki yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu a matsayin wadda ta isa ta amince wa namiji, a Delaware ma bakwai. Ma'ana mutum zai lalata yarinya ya ce da yardarta, kotu ta saurare shi. Matan nan suka bi jiha-jiha da takardun ƙorafi, zuwa 1920 kusan ko'ina an ɗaga shekarun zuwa sha shida ko sha takwas. Ban taɓa ganin masu saka hoton gatari sun ambaci wannan ba.

Har ƙetare abin ya kai. A New Zealand, Kate Sheppard 'yar reshen ƙungiyar ce, ita ta jagoranci tara sa hannun mata kusan 32,000, aka manne takardun aka naɗe kamar tabarma aka warware a zauren majalisa. A Satumban 1893 ƙasar ta zama ta farko da ta ba dukkan mata ƙuri'a. Masu kamfanonin giya, can da Amurka, sun fi kowa fahimtar abin da ke tafe, shi ya sa suka riƙa zuba kuɗi a ɓoye don kayar da ƙuri'ar mata duk inda aka kawo ta.

Ba zan wanke su tas ba, don suna da dattinsu. A wata hira da jarida a 1890, Willard ta ce baƙaƙen fata na hayayyafa kamar farin ɗango na ƙasar Masar, kuma mashaya ce cibiyar ƙarfinsu. Ta faɗi haka ne a zamanin da ake rataye baƙaƙe a bishiyoyi a kudancin ƙasar ba tare da shari'a ba, bisa ƙagen cewa suna far wa fararen mata. Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta sadaukar da rayuwarta wajen tona asirin wannan kisa, ta fito da hirar a Ingila a 1894, inda ake ɗaukar Willard kamar waliyyiya. Willard da ƙawayenta suka fi damuwa da kare suna a kan amsa laifi. A matsayina na baƙar mace, wannan ba abin da zan tsallake ba ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka muke cewa, amma a wurin Willard sai da aka duba launin fatar mai ciwon, alhali akwai baƙaƙen mata irin su Frances Harper da suka yi wa ƙungiyar bauta shekara da shekaru. Akwai kuma Mary Hunt, wadda ta yi nasarar sa kowace jiha ta wajabta koyar da illar barasa a makaranta zuwa 1901, amma littattafan da ta amince da su cike suke da ƙarin gishiri, har masana suka fito suka yi tir. Yaron da aka ce masa kurɓi ɗaya zai halaka shi, ranar da ya ga wani ya sha bai mutu ba, ya daina yarda da sauran karatun.

To wa ya kawo dokar haramcin kanta? A nan ne labarin da ake yaɗawa ya fi karkacewa. A 1893 aka kafa wata ƙungiya a Ohio mai suna Anti-Saloon League, wato ƙungiyar yaƙi da mashayu, maza ke jan ta, gwaninta kuma wani lauya ne, Wayne Wheeler. Su ba ruwansu da gidan yari ko albashin mata ko makarantar yara. Magana ɗaya suka riƙe, kuma duk ɗan takarar da zai jefa ƙuri'ar haramci nasu ne, ko da shi kansa kullum a buge yake. Sa'a ta kuma bi su. Harajin giya a da yana kawo wa gwamnatin tarayya wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarta, sai aka halatta harajin samun kuɗi a 1913, gwamnati ta samu wata mafita. Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, ga manyan masu giya da sunayen Jamusawa irin Busch da Pabst da Schlitz, aka mayar da shan giyarsu tamkar cin amanar ƙasa. Majalisar tarayya ta amince da gyara na 18 ga kundin tsarin mulki, wato na haramta giya, a Disamban 1917, lokacin mace ɗaya tak ce a cikinta, Jeannette Rankin. Jihohi suka kammala amincewa ranar 16 ga Janairu 1919, doka ta fara aiki 17 ga Janairu 1920. Ƙuri'ar mata a duk faɗin ƙasa sai a Agustan 1920 ta tabbata. Gaskiya ne mata na zaɓe a wasu jihohi kafin nan, kuma WCTU ta yi murna, ta ɗauki nasarar tata ce. Amma hannayen da suka rubuta dokar suka kuma ɗaga mata na maza ne. Da abin ya lalace sai aka nemo hoton tsohuwa da gatari, wadda ta rasu tun 1911.

Adalci ya sa in ce dokar ba ta tashi a banza ba. Shan giya ya ragu sosai a shekarun farko, mace-macen ciwon hanta sun yi ƙasa, kuma Amurkawa ba su koma shan abin da suke sha kafin haramci ba sai a shekarun 1970. Akwai gidajen da albashi ya riƙa isa cikinsu saboda ita, kuma ba zan raina wannan ba, na ga abin da rashinsa ke yi. Sai dai ana kukan targaɗe sai ga karaya. Dokar ta hana yi da sayarwa da jigila, ba ta hana sha ba, ta kuma bar mutum da abin da ya saya tun kafin ta fara aiki. Mai kuɗi ya cika ɗakin ƙasa da kwalabe ya zauna lafiya, talaka ya koma wa haɗin bayan gida. Gwamnati ta wajabta zuba guba a barasar masana'antu don kada a sha, aka sata aka sha, mutane suka mutu. A 1930 wani gurɓataccen ruwan citta da ake sha a madadin giya ya shanye wa dubun-dubatar mutane ƙafafu. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai a bangon wani gareji a Chicago aka harbe, rikicin masu fasa-ƙwauri. A Michigan kuma aka yanke wa wata uwar 'ya'ya goma, Etta Mae Miller, ɗaurin rai da rai saboda an kama ta karo na huɗu tana sayar da 'yar giya, kafin daga baya a sassauta. Dokar da aka yi da sunan kare uwa da 'ya'yanta ke nan.

Abin mamaki, mace aka damƙa wa aiwatar da ita. Mabel Walker Willebrandt tana da shekara 32 aka naɗa ta mataimakiyar babban lauyan gwamnati a 1921. Jami'an da aka fara da su wajen 1,500 ne ga ƙasa mai faɗin nahiya, albashi kaɗan, da yawansu 'yan siyasa ne suka cusa su, cin hanci kuwa ba a magana. Ita ce ta tsaya gaban Kotun Ƙoli a 1927 ta samo hukuncin cewa kuɗin haram ma ana biya masa haraji, ƙofar da aka bi aka ɗaure Al Capone, uban 'yan fasa-ƙwaurin giya na Chicago, a 1931. Ta ajiye aiki a 1929, ta zama lauyar wani kamfanin da ke sayar da ruwan inabi mai kauri, wanda in an ajiye shi a gida 'yan makonni yakan zama abin da kowa ya sani.

Duk sanda na iso nan sai in tuna maganar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa abin da ya fara sauka na Alƙur'ani surori ne masu ambaton aljanna da wuta, sai da zukata suka natsu sannan halal da haram suka zo, kuma da a ce farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Da hanin ƙarshe ya zo, mutanen Madina da hannunsu suka tuntsurar da tulunan. Wheeler da mutanensa sun ƙirga ƙuri'un 'yan majalisa daidai, ba su ƙirga masu sha ba. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. Shekaru iyaye mata a Arewa suna kuka a kan kwalaben maganin tari mai kodin a ɗakunan 'ya'yansu, ba a motsa ba sai a Mayun 2018 da wani binciken BBC ya fito, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da shi cikin kwana guda. Na goyi bayan hanin, har yau ina goyon baya. Amma a unguwarmu abin da na gani shi ne kwalba ta yi tsada, yaran suka koma wa ƙwaya, uwar da ke neman inda za ta kai ɗanta a yi masa magani kuma har yanzu tana nema.

Ƙarshen dokar Amurka ma a hannun mata ya zo. A 1928 shugabar WCTU ta lokacin, Ella Boole, ta tsaya gaban kwamitin majalisa ta ce ita ke wakiltar matan Amurka. A cikin masu sauraro akwai Pauline Sabin, attajira, mace ta farko a kwamitin ƙoli na jam'iyyar Republican, wadda da farko ta goyi bayan haramcin saboda 'ya'yanta maza biyu. Ta ce a ranta, to ga mace ɗaya da ba ki wakilta. Ta gaji da ganin 'yan majalisar da ke jefa ƙuri'ar haramci da rana, da dare su zo teburinta suna jiran a zuba musu. Ta kuma lura cewa tsohuwar mashaya mai lasisi tana tsoron sayar wa yaro, ta ɓoye kuwa ba ta tambayar shekarun kowa, kuma yanzu har 'yan mata ke shiga. A Mayun 1929 ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke dokar, a Chicago, kuma zuwa 1933 ƙungiyar na cewa mambobinta sun kai miliyan ɗaya da rabi, ninkin-ba-ninkin na WCTU. Ɗan siyasar da ke ɓuya a bayan zanin mata ya rasa wurin ɓuya. Karyewar tattalin arziki ta ƙarasa sauran, gwamnati na neman haraji, jama'a na neman aiki, ranar 5 ga Disamba 1933 aka soke gyara na 18.

Akwai wata fosta da matan Sabin suka buga a lokacin yaƙin neman sokewar. Uwa ce da 'ya'yanta a jikinta, rubutun yana cewa tsaron lafiyarsu na buƙatar ki zaɓi a soke. Da za a goge rubutun a miƙa wa Frances Willard, da ta ɗauka daga ofishinta aka buga.